Sawun Ministan da Ba a Rantsar Ba

Mai aikin kicin ce ta fara ganin maigadi. Ta fito da sassafe za ta karɓi fulas ɗin shayinsa ta wanke, sai ta tarar da shi yashe a ƙasa gefen bencinsa, baki a buɗe, yana jan wani irin numfashi mai kama da minshari, amma ba na barcin lafiya ba. Ta kira shi, ta girgiza shi, ko motsi. Ana cikin kiciniyar ɗaukarsa zuwa asibiti sai ga Hajiya ta fito daga sashen maigidan, ko ɗankwali babu a kanta, tana cewa ta duba ɗaki da banɗaki da ɗakin karatu, Farfesa ba ya nan.

Da a ce wani tsoho ne kawai ya ɓata, da unguwa ce kaɗai za ta ji. Amma a makon nan ne shugaban ƙasa ya aika wa majalisa da sunan Farfesa a matsayin wanda zai zama ministan ilimi, kuma jibi za a tantance shi a gaban kyamarori. Kafin hantsi labarin ya karaɗe ƙasa.

Lokacin da Sufeto ya iso, da ƙyar motarsa ta samu hanya. Ƙofar gidan ta cika da matasan jam'iyya da 'yan jarida da maƙwabta, kuma kowa ya riga ya san wanda ya yi. Yawancinsu Sanata suke ambata, mutumin da ya daɗe yana neman wannan kujera aka tsallake shi. Wani matashi ya hau bayan mota yana rantsuwa cewa in rana ta faɗi ba a ga Farfesa ba, ofishin Sanata ba zai kwana da rufi ba.

Sufeto ya ji maganar. Ya taɓa ganin abin da irin wannan rantsuwa take haifarwa. Amma abin da ya fi damunsa a wannan lokacin ƙafafun mutanen ne. Shekarunsa na ƙuruciya a gandun daji ya yi su yana bin mafarautan sata, kafin ya koma aikin ɗan sanda, har abokan aiki suka laƙaba masa Mai Sawu. An yi ruwa kafin asuba ya ɗauke, ƙasa ta yi laushi kamar an shirya ta domin shi, ga jama'a kuma suna ta tattake ta.

A lambun bayan gida ya tarar da abin da yake tsoro. 'Yan sandan da suka riga shi zuwa sun zagaye ko'ina, ba a iya karanta komai. A ƙarshen lambun akwai wata ƙaramar ƙofar ƙarfe a jikin katanga. Ya duƙa ya dubi kwaɗon. Ba a fasa ba, da makulli aka buɗe.

Bayan katangar fili ne da ba a gina ba, da wata 'yar siririyar hanya ta ratsa ciyawa har zuwa kwalta. Saja, wanda ya jagoranci zuwan farko, ya faka motar sintiri a tsakiyar hanyar don ya tare 'yan jarida. Sufeto ya dube shi kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya tsuguna a bakin ƙofar.

Mutum biyu ne. Ɗaya da takalmin fata na ofis, ɗaya da irin dogon takalmin robar da ake ban ruwa da shi a lambu. Suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, a hankali. Babu alamar jan wani, babu alamar turjiya.

"Bindiga suka sa masa a baya, ranka ya daɗe," in ji Saja. "Mai bindiga a baya ai ba ya gardama."

"Wanda ya riƙe bindiga a baya yake tafiya. Wannan a gefe yake."

"Namiji ne ko mace?"

"Ban sani ba. Takalmin ya fi ƙafar girma, kuma taku ɗaya yake yi da tsohon. Ba tafiyarsa yake yi ba, tafiyar Farfesa yake yi."

Akwai wani abu a sawun takalmin fatan da ya tsaya masa a rai. Bakin kowane takalmi waje yake kallo, kamar mai gwame. Ya zagaya motar ya duba inda sawun ya fita zuwa kwalta, inda tayar wata ƙaramar mota ta bar shaida a gefen titi. A can takalman sun miƙe sak. Yana tsaye yana juya abin a ransa sai wayarsa ta yi ƙara. Kwamishinan 'yan sanda ne.

"Daga fadar shugaban ƙasa ake kira na, ba na samun damar ajiye waya. Ka bar kallon ƙasa ka shiga ka yi magana da iyalin. Ina son suna yau."

*

Ƙanen Farfesa ne ya tare shi a falo, mutum mai jiki da murya, wanda 'yan jam'iyya suke kira Ciyaman, 'yan gida kuma suke kira Baffa. Waya biyu ce a hannunsa, kowace tana kuka.

"Ba sai ka wahalar da kanka ba, Sufeto. Sanata ne. Ya samu ɗan cikin gida, tsohon direban da na kora watan jiya. Har yau makullin ƙofar bayan yana hannunsa."

"Me ya yi aka kore shi?"

"Surutu."

"A kan me?"

"Surutu dai. Gidan da zai zama gidan minista ba a ajiye mai dogon baki." Ya matso kusa ya rage murya. "Abu ɗaya nake so ka riƙe. Duk inda kuka same shi, kada a bar kowa ya yi magana da shi. Ko ɗan jarida, ko likita, ko kai kanka. A jira ni."

Sufeto ya ce to, amma maganar ba ta kwanta masa ba. Ya sha ganin 'yan uwan wanda aka sace. Roƙonsu ɗaya ne, a dawo da shi da rai. Bai taɓa jin wanda ya fara da sharaɗin kada a ji muryarsa ba.

Hajiya tana zaune a kujera, ƙafafunta a miƙe kan wani ɗan teburi, an naɗe gwiwoyin da bandeji. Ta ce ciwon gwiwa ya hana ta hawa da sauka, shi ya sa ba ta kwana a sashen maigidan. Ta ce lafiya suka rabu jiya.

"Yana da wani ciwo da ya kamata mu sani, Hajiya? Wani magani da ba ya tsallakewa?"

Ta dubi Baffa kafin ta amsa. "Lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne kawai irin na kowa."

A bayan kujerarta babbar 'yarsu ce tsaye, wadda kowa a gidan yake kira Anti. Mai haɗa magunguna ce a babban asibiti, tana zaune da mijinta a wata unguwa. Ta ce tana shirin fita aiki aka kira ta. Idanunta sun yi ja, hannunta a kan kafaɗar uwarta. Tambaya ɗaya ta yi wa Sufeto, ba ta mahaifinta ba.

"An ji wani abu daga asibiti game da maigadi?"

"Bai farfaɗo ba. Likita ya ce maganin barci ne aka zuba masa a shayi."

"Ai maganin barci ba ya kai mutum haka," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana.

Mai aikin kicin ta ce kullum da yamma take cika fulas ta ajiye a kan kanta, maigadi ya zo ya ɗauka, ba ya sha sai gab da asuba in barci ya fara fizgarsa. Jiya kuwa gidan cike yake da masu zuwa taya murna, kowa ya shiga kicin ya fita. Ta ƙara da cewa ita marainiya ce, a rufa mata asiri.

*

Kafin la'asar an kamo tsohon direban. Sufeto ya same shi a caji ofis zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Ya kori waɗanda suke kansa, ya ja kujera, ya sa aka kawo masa ruwa.

Kallo ɗaya ya yi wa ƙafafun mutumin ya san ba shi ba ne. Ƙafa ce shirim guda, ba za ta shiga wancan takalmin roba ba, balle ta yi yawo a ciki. Makullin kuwa ya ce tun ranar da aka sallame shi ya rataye shi a ƙusar kicin inda ake ajiyewa.

"Me ka faɗa aka kore ka?"

Direban ya sunkuyar da kai. "Tun ina saurayi nake jan Farfesa. Shi ya yi mini aure. Ban faɗa wa kowa a waje ba, wallahi. Ciyaman na samu ni da shi, na ce a duba lamarin nan, a ji tsoron Allah."

"Wane lamari?"

"Ranka ya daɗe, gara a ci gaba da dukana."

Sufeto ya fito ya kira Kwamishina ya ce a saki mutumin. Kwamishina ya ce ba zai saki kowa ba sai an ba shi wani a madadinsa, domin matasa sun riga sun farfasa gilasan ofishin Sanata, kuma labarin an kama wani ne kaɗai ya mayar da su gida. In gobe ta wuce ba a ga Farfesa ba, direban zai je kotu a matsayin ɗan aiken Sanata, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Sufeto ya koma gida. Matarsa ta ajiye masa abinci ya tasa shi a gaba yana kallo. Zarginsa ya karkata ga Baffa. Amma me zai sa mutum ya sace yayansa ana jibi zai zama minista, alhali shi ne ya yi ta zarya har aka sa sunan? Duk ta inda ya ɓullo wa abin sai ya ƙi haɗuwa. Ga kuma takalman nan da suka fita a karkace suka isa kwalta a miƙe.

*

Gari na wayewa ya koma bayan katangar. Motar sintirin tana nan inda take. Ya ta da Saja ya ce ya ja ta baya, a hankali, kada ya murɗa sitiyari.

Wurin da motar ta rufe shi kaɗai ne ƙafar mutane ba ta taɓa ba. Saja ya leƙo ta taga ya ce ashe dai fakin ɗinsa ya yi rana, a tuna da shi ranar ƙarin girma. Sufeto bai ji shi ba. Ya riga ya tsuguna.

A nan mutanen biyu suka tsaya. Mai takalmin roba ya zagayo gaban tsohon ya juyo yana fuskantarsa. Ga gurbin gwiwa ɗaya a cikin laka, zagayayye, mai zurfi. Ga sawun ƙafa da safa, sau ɗaya a dama, sau ɗaya a hagu, inda tsohon ya ɗan dafa ƙasa. Daga nan takalman suka ci gaba a miƙe.

Ba gwame ba ne. Farfesa ya sa takalmansa a juye ne, na dama a hagu, na hagu a dama. Wanda ya fito da shi ya lura a hanya, ya tsaya, yana tsakiyar aikata laifi, gari na shirin wayewa, ya durƙusa a cikin laka ya gyara masa.

Sufeto ya daɗe a tsugune. Mahaifiyarsa a gidansa ta yi shekarunta na ƙarshe, lokacin da ta fara kiransa da sunan ƙanenta da ya rasu tun kafin a haife shi. Ya san wannan durƙuson. Ya san kuma wanda bai saba ba ba ya ma lura da takalmi.

Ya shiga gidan ya nemi a buɗe masa ɗakin Farfesa. Takalma jere a kan kanta, an goge su tas. Ya ɗauki ɗaya ya leƙa ciki. A daidai diddigen kowane takalmin dama an ɗiga jan fenti irin na farce.

*

Ya tara su a falo, ya sa Saja ya tsaya a ƙofa. Hajiya a kujerarta, Baffa yana kai da komo da wayoyinsa, Anti a tsaye bayan uwarta kamar jiya, mai aikin kicin a rakuɓe gefen labule. Ya sa an kawo direban ma, ya ce ya zauna a kujera, ba a ƙasa ba.

"Me wannan yake yi a falon nan?" in ji Baffa.

"Shi kaɗai ne a cikinku na tabbata bai yi ba." Sufeto ya ajiye takalmi ƙafa ɗaya a kan teburi. "Hajiya, jiya na tambaye ki lafiyar Farfesa kika ce ƙalau. Zan sake tambaya. Tun yaushe ya daina gane dama da hagu?"

Ɗaya daga wayoyin Baffa ta fara kuka, ya kashe ta.

"Sufeto, ka san da wa kake magana kuwa? Wannan ɓata suna ne. Mutumin da ya yaye rabin malaman ƙasar nan..."

"Ban yi musun wannan ba. Tambaya na yi."

Hajiya ta rufe fuska da gefen mayafinta. "Tun bara," ta ce. "Da farko makullai ne da sunayen jikoki. Yanzu wata rana sai ya tambaye ni ina matarsa."

"Amma aka bar sunansa ya je majalisa."

"Wa zai mayar wa shugaban ƙasa da kyauta?" Baffa ya ɗaga murya. "Shekara nawa yana wa ƙasar nan bauta, ko lambar yabo ba a taɓa rataya masa ba. Yanzu da aka tuna da shi sai mu ce a'a? Tantancewar nan an gama magana da kowa, gaisuwa zai yi ya zauna. Ma'aikata kuma ai ba minista ke tafiyar da ita ba, mutanen da ke kewaye da shi ne."

"Wato kai."

"Wato masu kishinsa."

Sufeto ya bar shi. Ya gaya musu abin da ya gani a ƙarƙashin motar, bai ƙara komai ba, bai rage ba: tsayawar, gurbin gwiwar, sawun safa. Sannan ya karkata takalmin yadda kowa zai ga jan ɗigon.

"Ɗan aiken Sanata ba zai durƙusa ya gyara wa tsoho takalmi ba. Hannun da ya saba ne, ya yi kafin mai shi ya yi tunani. Hajiya ba ta iya durƙusawa. Ciyaman, ba na jin ka san a ina ake ajiye safarsa. Wa yake sa masa takalmi kullum da safe?"

Hajiya ta ɗago a hankali ta waiwaya bayanta, ta dubi hannun da yake kan kafaɗarta.

"Ni ce," in ji Anti. "Kullum kafin in wuce aiki. Umma, ki yafe mini tashin hankalin da na sa ki. Yana nan lafiya, ya karya, ya sha maganinsa."

"Ke?" Baffa ya yo kanta, Saja ya shiga tsakani. "Ke kika tozarta mu a idon duniya?"

"Na roƙe ka, Baffa. A ɗakin nan na durƙusa maka. Na ce a rubuta cewa ya gode, ba zai iya ba. Ka ce in je in ji da gidan mijina, ka karɓe wayarsa, ka kori wannan bawan Allah." Ta juya ga Sufeto. "Ranar da aka kawo telan da zai ɗinka masa kayan rantsuwa, Abba ya kama hannuna ya ce, Mamana, wa za a yi wa aure? Shi ne za a tsayar gaban ƙasa duka a yi masa tambaya. Ko sun yi alkawarin ba za su tambaye shi ba, mutum ɗaya ya isa. Mutanen Sanata suna cikin majalisar. Yara za su yanka wurin su riƙa yawo da shi a waya suna dariya, shi ke nan abin da za a tuna da shi. In na je wa 'yan jarida kuma, ni na tona masa asiri da bakina. Na ce bari in ɗauke shi har ranar ta wuce, a sa wani."

"Maigadi fa?"

Sai a nan fuskarta ta karye. "Daga bencinsa ana hango lambu. Kaɗan na sa, wallahi kaɗan, abin da zai sa shi barci har gari ya waye. Aikina ne, na san awo."

"Likita ya ce yana da ciwon zuciya. An samu maganinsa a aljihunsa. Ya ɓoye wa kowa don kada a sallame shi."

Ta dafa bayan kujerar da hannu biyu. Direban, da leɓensa a kumbure, shi ne ya tashi ya tura mata tasa kujerar.

*

Ita ta nuna musu hanya. Tsofaffin gidajen malamai ne a bayan jami'a, inda wata abokiyar aikinta da ta yi ritaya take zaune ita kaɗai. Anti ta ce a irin waɗannan gidajen aka haife ta, shi ya sa ta kawo shi nan, hankalinsa ya fi kwanciya. Matar gidan ba ta san komai ba sai da ta ji a rediyo, tun daga lokacin kuma take kuka tana roƙonta ta mayar da shi.

Sufeto bai jira Baffa ba. Ya kira Kwamishina ya gaya masa komai, ya ce a saki direba, a kuma turo likita. Kwamishina ya ce bari ya san yadda zai faɗa wa na sama.

Sun same shi a baranda cikin farar riga, dogon tsoho mai tsabta, da rediyo ƙarama a cinyarsa. Da ya ga 'yarsa, fuskarsa ta washe.

"Mamana, kin daɗe. Wannan ɗalibinmu ne?"

"Eh, Abba."

"Ka makara, samari, amma zauna. Wane fanni kake?"

Sufeto ya cire hularsa ya zauna a kan dakali. "Binciken ƙasa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Fanni ne mai wuya, ba a samun kuɗi a cikinsa."

Rediyon tana ta maimaita labarin ɓacewar wanda za a naɗa ministan ilimi, ana karanto tarihinsa, makarantun da ya kafa da littattafan da ya rubuta. Farfesa ya kasa kunne, yana gyaɗa kai.

"Na san mutumin nan," ya ce. "Mun yi aiki tare. Mutumin kirki ne, amma minista? A'a. Ba zai iya da su ba. Wani ya ba shi shawara ya zauna a gida."

Anti ta juya baya ta fuskanci bango.

A lokacin ne wayar Sufeto ta yi ƙara. Ya ga lambar asibiti ce. Ya sauka daga barandar ya je gindin wata bishiya ya amsa. Bai daɗe ba: maigadi ya cika. Da ya juyo, Anti tana tsaye a bakin matakala tana kallon fuskarsa, bai kuwa iya ɓoye mata ba.

"Yaushe?" ta ce.

"Yanzun nan."

"Yana da yara ƙanana. Ni nake kai musu kayan makaranta." Ta goge fuska da tafin hannu, ta yi ajiyar zuciya. "Ka ba ni ɗan lokaci in rubuta wa Umma yadda ake ba Abba magani. Ba ta san na rana da na dare ba."

Ya ce ta je. Ya koma ya zauna kusa da tsohon, wanda ya tambaye shi ko ɗalibinsu ne, kuma wane fanni yake.

Washegari fadar shugaban ƙasa ta fitar da sanarwa cewa an samu Farfesa lafiya, kuma ya roƙi a janye sunansa saboda dalilai na iyali. Ba a ambaci maigadi ba. Sanata ne ya samu kujerar. Da aka zo raba lambobin yabo na ƙasa a ƙarshen shekara, aka sa sunan Farfesa a sahun farko, Baffa ya hau dandamali ya karɓa a madadinsa, jaridu suka buga hotonsa yana murmushi.

A ranar, Sufeto yana kotu, ya gama ba da shaida ke nan a shari'ar Anti. Matar maigadi tana zaune a benci na baya da goyo, ba ta ɗago kai ba tun da aka fara. Da za a fita da Anti, ta roƙi mai tsaronta ya dakata, ta tsaya a gaban matar kamar za ta yi magana. Matar ta gyara goyonta, ta tashi, ta fita ta ɗaya ƙofar.